Abin da Na Ciro Daga Injin Wankin Surukata

Na manta abubuwa da yawa na samartakata, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kafanchan ba, ranar da aka kai ni gaida iyayen Rifkatu, na ƙare a kwance a bayan injin wanki.

A tsakiyar shekarun saba'in ne. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare, ƙaramin malami mai farar shat guda ɗaya ta kirki. Rifkatu tana koyarwa a firamare, a ƙungiyar mawaƙan coci muka haɗu. Babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai shiru-shiru, a kwatas ɗin reluwe suke zaune. Amma duk wanda ya san gidan ya san ba shi ne abin tsoro ba. Mamanta ce. Babbar nas ce a asibiti, doguwar mace mai tabarau, wadda in ta kalle ka ta saman gilashin sai ka fara tambayar kanka ko ka wanke hannu. Rifkatu ta riga ta tsegunta mini cewa Mama ba ta cika ganin malaman makaranta da gashi ba. Wai baki kawai gare mu.

Kawuna Bitrus ne ya taso daga Gwantu don ya shige mini gaba. Manomi ne, dattijon ikilisiya kuma, mutumin kirki ƙwarai, sai dai shiru na ba shi tsoro. In magana ta yanke a wuri, dole ya cike gurbin da wani abu, ko mene ne.

Muka isa da hantsi. Aka zaunar da mu a falo, ga Baba, ga Pasto da aka gayyato don ya sa albarka. Aka yi addu'a, aka kawo kunu. Ni dai ina zaune a bakin kujera, gwiwoyina a haɗe kamar ɗalibin da aka kira ofis. Mama ba ta fito ba tukuna. Daga can bayan gida muna jin wani gurnani, kamar na babur da ya ƙi tashi, sai kuma muryarta tana kiran Rifkatu da ƙarfi.

Wannan gurnani na injin wanki ne. Ku da kuka tashi kuka ga irinsa a kowane shago ba za ku gane ba. A lokacin ban san wani gida a unguwar da ke da shi ba. Wata Baturiyar nas ce ta bar wa Mama da za ta koma ƙasarsu. Fari ne, dogo har ƙugu, da murfi a sama, a tsakiyarsa wani turmi yana juya kaya hagu da dama. Mata kan zo musamman su leƙa su ga yadda yake yi. Mama kuwa ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba, ko Baba.

Can sai ga ta ta shigo falo, hannunta duk kumfa. Ta amsa gaisuwarmu a gajarce, ta juya ga mijinta.

"Baban Rifkatu, injin nan ya tsaya. Ya wanke, amma ya ƙi zubar da ruwa. Kuka kawai yake yi. Rigunan mawaƙa ne a ciki, gobe da safe za su sa."

Baba ya ce, "To, sai a kai shi Jos."

"A kan wa za a ɗora shi?"

Falo ya yi tsit. Na ga leɓen Kawu Bitrus ya fara motsi.

"Mama, kada ki damu," in ji shi. "Ai Ubangiji ne ya kawo mu yau. Wannan yaro da kike gani, kimiyya yake koyarwa. Babu inji da bai sani ba. Rediyona da ya mutu, shi ya tashe shi."

(Gaskiyar maganar rediyon nan ita ce, batir aka sa a juye, na juya shi daidai. Shi ke nan. Amma a Gwantu labarin ya girma har ya fi ni tsawo.)

Mama ta dube ni ta saman tabarau. "Haka ne, Malam?"

Nan ne ya kamata in ce a'a. Kalma guda ce, ko ɗan aji ɗaya ya iya ta. Amma Rifkatu na tsaye a bakin ƙofa tana kallona, Pasto na murmushi, ni kuma maganar nan ta "baki kawai" tana yi mini ƙaiƙayi a kunne. Sai na ji bakina ya ce, "Bari in duba, Mama."

Injin na wata 'yar baranda ce a bayan kicin. A tsakar gida akwai matan ƙungiyar Zumunta ta coci da suka zo taya Mama soya cincin na bikin mawaƙa. Suka bar kaskonsu suka juyo. Na ɗaga murfi, na ga rigunan suna iyo cikin ruwa mai launin toka. Wani ɗan wari kamar na roba mai zafi yana tashi daga ƙasa. Na kai hannu zan tsoma.

"Ka cire wuta?" in ji Mama.

Ban cire ba. Malamin kimiyya, wanda a makon nan ya gama gaya wa yara cewa ruwa da lantarki ba sa haɗuwa. Na ce, "Yanzu zan cire, Mama," na zare wayar daga soket. Gurnanin ya tsaya.

Rifkatu ta kwashe rigunan zuwa daro don a ɗauraye su da hannu. Da ta sunkuyo kusa da ni ta ce a hankali, "Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Kusan," na ce.

"In ka ɓata shi, ba ruwana."

Na kwashe ruwan da kwano, na yi ta zubawa a bokiti, ina jan lokaci don kaina ya yi aiki. Na ce wa raina, inji ya juya kaya lafiya, ke nan motarsa ba ta mutu ba. Ruwa ne ba ya fita. To ko hanya ta toshe, ko abin da ke tura ruwan ya maƙale. Na bi tiyon da ke bayansa har bakin kwata, na duba ko ya lanƙwashe, na cire shi na hura. Iska ta wuce sumul. Na so ƙwarai a ce nan matsalar take, don da na wanke hannuna na koma na sha kununa.

Babu makawa sai an buɗe bayansa. Baba ya kawo mini sukundireba da filaya daga akwatinsa, ya miƙo mini, irin miƙawar da ake yi wa mai shiga rijiya. Na kwance marfin baya. Wayoyi ne kala-kala, da bel na roba mai juya inji, da wasu ƙarafa da ban san sunansu ba ko a Turanci. Mama ta jawo kujera ta zauna daidai kaina, ta harɗe hannu.

"Wancan noti da ka ajiye a ƙasa, kada ya ɓata. Babu irinsa a kasuwar nan."

"To, Mama."

Na taɓa bel ɗin, bai tsinke ba, bai saki ba. Na bi shi da ido har zuwa wani ɗan baƙin abu kamar ƙoƙo a can ƙasa, tiyo biyu sun shiga cikinsa. Na ce wannan ne famfon. Na gwada juya shi da yatsa, ya ƙi motsi. Don in kai gare shi sai da aka karkata injin, Kawu Bitrus ya tallafe shi da kafaɗa yana nishi, ni kuma na kwanta rigingine a kan siminti da farar shat ɗina.

"Yi sauri, yaro, abin nan ya fi buhun citta nauyi!"

Zufa na shiga idona. Abin da nake gani kawai shi ne hannun Kawu ya zame, injin ya faɗo, ko dai ya fasa mini kai ko ya fashe da kansa, kuma a lokacin ban san wanne na fi tsoro ba. Na matse ƙarfen da ya ɗaure tiyon da filaya, na ja. Ya ƙi. Na sake ja da ƙarfi. Ya fita fit, sauran ruwan da ke ciki duka ya kwararo mini a fuska, mai sanyi, mai ɗacin sabulu, har cikin hanci. Wata daga cikin matan ta ce, "Wayyo, angon!" Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki.

Ban tashi ba. Na cusa yatsu biyu cikin bakin famfon, sai na ji laushin tsumma, ya nannaɗe a ciki tam. Na gane, jama'a, ni da kaina na gane! Na kama bakin tsumman da filaya, na murza, na ja a hankali a hankali, har ya fito duka, a dunƙule, baƙi ƙirin da dauɗa. Na taɓa famfon, ya juya kamar ba shi ba.

Da a nan na tsaya, na jefa tsumman cikin bokiti na yi shiru, da yau wani labari nake ba ku. Amma farin ciki ya hau mini kai. Na miƙe tsaye, ruwa na ɗiga daga haɓata. A lokacin Pasto da Baba sun fito suna tsaye a bakin kicin, matan Zumunta sun kewaye mu. Na ɗaga hannu sama yadda nake ɗaga abin gwaji a gaban aji, na ce da murya mai ƙarfi, "Ga ɓarawon nan! Ku duba abin da ya toshe shi!"

Don kowa ya gani sosai, sai na kama shi da hannu biyu na girgiza, na ware shi.

Ɗan kamfai ne. Na mata. Babba. Da ɗan leshi a gefe.

Ban san tsawon lokacin da na tsaya a haka ba, hannuwana a sama. Na dubi Rifkatu, da fatan ko nata ne, duk da hakan ma ba sauƙi ba ne. Girman abin kaɗai ya ba ni amsa, ita kuma ta rufe fuska da zani ta shige ɗaki a guje. Pasto ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi. Baba ya yi tari, ya juya ya koma falo. Matan Zumunta kuwa kowace ta sami abin yi a kaskon cincin, kafaɗunsu na rawa. A wajenmu mutum ko sunan surukarsa ba ya kira. Ni ga shi na baje kamfanta a gaban limamin cocinta, ranar farko.

Kawu Bitrus, da har yanzu injin na kafaɗarsa bai ga komai ba, ya ɗaga murya. "Mene ne? Ka same shi? Nuna wa Mama ta gani da kyau!"

Mama ta tashi daga kujera. Ta tako har gabana, ta zare abin daga hannuna, ta dunƙule shi a tafinta. Fuskarta ba ta canja ba ko kaɗan.

"Na gode, Malam," in ji ta. "Na daɗe ina nemansa. Yanzu mayar da tiyon, ka ɗaure shi da kyau."

Na koma ƙasa da gudu. Ban taɓa jin daɗin kwanciya a ƙarƙashin wani abu kamar ranar ba, da za a bar ni da na kwana a can. Na ɗaure tiyo, na mayar da marfi, aka sauke injin, aka zuba ruwa, aka sa wuta. Ya yi ɗan kuka, sai muka ji ruwa na bulbula cikin kwata. Ba wanda ya yi tafi. Mama ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce wa Rifkatu ta ƙofa, "Ɗauko masa rigar babanki, kada sanyi ya kama shi."

Da rigar Baba, wadda hannunta ya wuce yatsuna, na zauna aka yi maganar da ta kawo mu. Ban ɗaga ido ba har aka yi addu'ar rufewa. Aka ba ni Rifkatu. A hanyar tasha Kawu ya yi ta yaba mini, sai da na gaya masa abin da na ɗaga. Ya tsaya cak, ya riƙe baki, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya rasa abin cewa.

Mama ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta koma ga Ubangiji. Matan Zumunta ne ba su yafe mini ba. Na yi shekaru ina shiga coci ta ƙofar gefe, ina jin ana raɗa "Injiniya ya iso."

Na ci gaba da kula da injin nan, na koyi duba aljihu kafin wanki, da sa ƙananan kaya cikin rigar filo a ɗaure bakinta, da rashin cika masa kaya fiye da kima. Amma babban darasin ba na inji ba ne. Duk abin da ka ciro daga cikin kayan mutane, ka fara dubawa kai kaɗai, a ƙasa-ƙasa, kafin ka kira taro.