Mai Tsaron Gida

Ku samarin yanzu kunnuwanku na ado ne. A ce ku zauna nan, sai a tsince ku can. To ku saurara.

Filin wasa na garin Tungar Makeri da kuke gani, asalinsa masussuka ce. A nan ake bugun gero, in an gama a share a yi dambe da kokawa, yara su yi langa a gefe. Daga baya aka kafa turaku don ƙwallo. Wani ciyaman kuma ya zo ya malala siminti a wani ɓangaren filin, wai na ƙwallon kwando, aka yi biki da maroƙa, kwandon dai har yau bai iso ba. Mata suka ce sun gode, suka mai da wurin mashanya.

A kan simintin nan Goggo Tabawa ta baza gyaɗarta, irin da ta ware don shukar baɗi, ba ta da wani bayansa. Ta zaunar da jikanta Sallau, ƙato mai gemu, ta ce ya kore mata awaki kafin ta dawo daga barkar haihuwa. Ko kwana ba ta sha ba abokai suka yafito shi, ya sa safar hannu ya shige tsakanin turaku.

Da ta dawo, ɓawo kawai ta tarar, da wani bunsuru yana lasar baki. Ba ta yi ihu ba. Ta gyara mayafi, ta ratsa tsakiyar fili ana cikin wasa, alƙali na busa usur kamar zai shiɗe, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Sallau, me na sa ka?"

"Goggo, don Allah ki fita, ana kallonmu! Aiki nake yi. Ni ne mai tsaron gida."

"Wane gida?"

"Wannan mana," ya nuna mata.

Ta dubi turaku biyu da sanda a gicce. Ba bango, ba rufi, ba ƙyaure, sai wata yagaggiyar raga tana lilo.

"Ikon Allah. Ashe ka yi gida ban sani ba. Me kuka ajiye a ciki?"

"Ba a ajiya, Goggo. Ƙwallo ake hanawa shiga."

"Ta hanu?"

Ya sosa ƙeya. "Sau huɗu kacal ta shiga."

"Madalla," in ji ta, ta juya abinta.

Da magariba Sallau ya dawo da yunwa, ƙanshin miyar kuka na dukan hancinsa tun daga lungu. Ya tura ƙofa, ya ji ta a garƙame. Ya buga, ya yi magiya. Can sai ga tabarmarsa ta faɗo ta kan katanga, buta na biye da ita.

"Haba Goggo, ina zan kwana? Tuwona fa?"

"Magidanci guda yana tambayata tuwo? Maza ka koma kada a shiga bayanka. Ka gaishe min da mutanen gidan."