Ranar da Na Ja Unguwa Muka Bi Akuya

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa har na manta sunan matata, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na sa unguwarmu kakaf ta bi bayan akuya ba. Dattawa, 'yan kasuwa, har liman da carbinsa, duk a bayan dabba guda, ni kuma a gaba ina buɗe ƙirji kamar wanda ya ƙwato ƙasa.

A Madarunfa aka yi abin, shekarun nan da dimokuraɗiyya ta shigo Nijar, kowa ya gano ashe yana da baki. Ni a lokacin na bar lakwal, wato makarantar boko (ni na ce na bari, mushe, wato malaminmu, kuma cewa yake korata ya yi, Allah dai ya san mai gaskiya). Ba ni da aiki sai zaman tasha da tsokanar fasinjojin da ke zuwa garin Ɗan Issa. Jarina kaf shi ne ɗan Faransancin da bai cika cokali ba, da shi nake tsorata mutane.

Unguwarmu tana da komite na masu gidaje, wai don tsabta da gyaran hanya. Shugabansa Alhaji Mamman ne, mai kamiyon, babbar motar da ke kai wake Najeriya. Ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. An dai wayi gari an gan shi a kan kujera, kujerar ma daga gidansa ake ɗauko ta. A ƙarƙashin mulkinsa mai albarka jujin bayan masallaci ya yi girman da in ka hau kansa kana hango tafki. Da damina an yi gayya an dasa 'yan itatuwan bedi a bakin hanya, aka ce kowa ya ɗaure dabbarsa. Kafin a gama kaka awaki sun aske su tas, sai 'yan tsiraru. Dokar ɗaure dabbar kuwa tana da ido mai kyau, tana hango akuyar talaka tun daga nesa, amma in ta zo kan garken Alhaji sai hakiya ta rufe ta. Kowa yana gunaguni a bayan katanga. A gabansa kuma, Allah ya ƙara girma, Alhaji.

Da babanmu zai tafi ci-rani sai ya ce in riƙa zuwa taron komite a madadinsa, tunda gida ba ya rasa wakili. Sharaɗinsa shi ne in zauna a baya in rufe bakina. Na cika rabin alkawari, na zauna a baya.

Ran nan ana taro, Alhaji yana bayanin cewa iskar bana ce ta kashe itatuwan, dattawa suna gyaɗa kai kamar ba su taɓa ganin akuya ba a rayuwarsu. Sai na ji ƙafafuna sun miƙe da ni. Na ce wannan ba komite ba ne, sarauta ce. Na ce iskar da ke cin ganye ta bar kashi ƙwaya-ƙwaya a gindin itace, ni ban taɓa jin labarinta ba. Na zuba Faransancina duka har wanda ban san ma'anarsa ba (a rediyo na ji shi, kuma na lura yana tayar wa manya hankali). Sannan na kawo shawara: daga yau duk akuyar da aka kama tana cin bedi, ba roƙo, ba sanayya, a yanka ta a dafa wa 'yan gayyar kwashe juji.

Jin an ambaci nama, mutanen da ba su taɓa ɗaga hannu a taro ba suka ɗaga bibbiyu.

Alhaji bai yi fushi ba. Ya dube ni a hankali ya ce, "Ɗana, kowace akuya?"

Na ce, "Ko ta wace ce, Alhaji. Doka ba ta san gida ba."

Ya ce, "To madalla. Kowa dai ya ji."

Daga ranar na ɗauki aikin gadi, aiki na farko da na taɓa yi da zuciya ɗaya. Na bar tasha na koma laɓe a bayan katanga, rana tana gasa ni, ina jiran akuyar Alhaji. Wata Juma'a Allah ya kawo ta. Ja ce, mai sheƙi, hantsarta cike da nono, ta miƙe a kan ƙafafun baya tana yagar bedin da ya rage. Na yi tsalle na rungume ta, muka sha ƙasa tare.

Za ka ce yaya na san ta Alhaji ce? To, awakin Alhaji jajaye ne. (Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, a ƙasar Maraɗi akuyar kowa ja ce.) Hujjata ta biyu ita ce ƙiba. Na ce a raina talakan unguwar nan da kansa bai yi wannan ƙibar ba, balle akuyarsa. Iyakar binciken ke nan.

Na ja ta zuwa ƙofar masallaci daidai ana fitowa daga la'asar. Kan ka ce me, wuri ya cika. Alhaji ya zagaya ta, ya duba kunnenta, ya ce ba tasa ba ce. Na yi wata dariya da har yau in na tuna ta nakan rufe fuska. Na ce ba sai an yi rantsuwa ba, a yi abin da kakanni ke yi: rana ta yi sanyi, akuya mai shayarwa ba ta ɓata hanyar gida, a sake ta mu bi ta. Gidan da ta shiga, shi ne mai laifi. Tanko mahauci ya ce a jira shi ya ɗauko wuƙa, don kada a yi tafiya biyu.

Aka sake ta. Ta girgiza jiki, ta kama hanya a natse kamar matar sufurihe mai mulkin gunduma, mu kuma muna biye. Mata suna leƙowa ta kan danga suna tambayar wa ya rasu. Da muka iso ƙofar Alhaji sai ta tsaya wajen tarin harawarsa. Na ɗaga hannu sama na ce jama'a su shaida. Ta figi harawa ta cika baki, ta tauna, ta dube ni, ta yi gaba abinta.

Na ce wa mutane wayo ne, dabbar manya ce, ta iya siyasa. Amma muryata ta fara sirancewa. Ta wuce famfo, ta karya hagu, ta shiga wani lungu da gidajensa ba su da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu na san shi ƙwarai. Na yi sauri na sha gabanta, na duƙa a tsakiyar hanya kamar ina gyara takalmi. Ta zagaye ni. Ko sallama ba ta yi ba, ta faɗa zauren gidanmu, 'ya'yanta suka amsa mata da kuka daga ciki.

Tanko ya hau goga wuƙa a magagari.

Inna ta fito da ludayi a hannu. Ganin liman da dattawa a ƙofarta sai ta zaci rasuwar babanmu aka kawo mata, ta dafe bango tana salati. Liman ya kwantar mata da hankali, ya ce mai gida lafiya lau yake, maganar akuya ce, sannan ya bayyana mata dokar da wanda ya kawo ta. Ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai yanzu akuyar gidanku ce ba ka sani ba? Nonon da kake sha da fura kullum, a famfo ka zaci nake tarar shi?"

(In kare kaina kaɗan: a shagon samari nake kwana, gida ci kawai ke kai ni, kuma mai cin tuwo ba ya waige.)

Ba ta tsaya nan ba. A gaban kowa ta faɗi cewa tun kafin babanmu ya tafi ya bar mini gyaran dangar garke, kullum sai in ce gobe, ina da taro. Ta wannan ɓular akuyar ke fita. Wato mai binciken da mai laifin, wando guda suke sakawa.

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "To, mushe dimokuraɗiyya, mi doka ta ce?"

Na fara kame-kame da Faransanci. Ya ce shi bai yi lakwal ba, in faɗa da Hausa. Inna kuwa ta tsaya a bakin zaure tana kallon wuƙar Tanko. Akuyar nan ita ce dukiyarta duka, tun tana 'yar ƙarama take kiwonta, ga 'ya'ya ba su isa yaye ba. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na ce Alhaji ya dubi Allah ya yi haƙuri.

"A'a, ɗana, ni ba sarki ba ne, kai da bakinka ka hana sarauta. Jama'a suka yi doka, su za ka roƙa."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a tsugune, ina kawu, ina baba, ina yaya, har waɗanda jiya-jiya nake kwaikwayon tafiyarsu a tasha. Roƙon mutumin da ya riga ya sa ransa a romo ba ƙaramin aiki ba ne. Tanko ma cewa ya yi shi ba ya mayar da wuƙa kube haka nan, sai da liman ya sa baki ya ce a tausaya wa 'ya'yan dabbar. A ƙarshe aka bar wa Inna akuyarta, ni kuma aka ɗora mini sake dasa bedin, in kewaye su da ƙaya, in riƙa ɗebo musu ruwa har damina ta faɗi. Wannan karon ma hannu bibbiyu aka ɗaga.

Abin takaicin, ina wannan ban-ruwan na ga awakin Alhaji da idona, kullum suna zuwa suna tura kai ta cikin ƙayar. Yanzu na san su sarai, har kunnensu na haddace. Sau ɗaya na kai maganar gaban taro. Wani tsoho ya ce, ka tabbata ba ta innarka ba ce? Aka yi dariya aka tashi. Daga nan duk wanda ya so ya tambayi komite wani abu sai a tuna masa da ni, ya koma ya zauna. Ni kaɗai na kashe adawa a unguwarmu, Alhaji ko sisi bai kashe ba.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa shugaban da ba a tambayarsa ɓarna yake yi. Sai dai yanzu in zan tafi taro in tona wa wani asiri, nakan fara biyawa gida in gai da Inna, in zagaya garke, in dubi kowace dabba ido cikin ido mu san juna.