Wandon da Ya Tuntsurar da Randunan Kurgu

Shekaruna tamanin da biyar, al'amarin nan kuwa ya haura shekara sittin, amma har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Cikin ɗarin shekarar da aka sami mulkin kai na sayi keke. In na sa buje sarƙa ta cinye shi, in na sa gajeren wando sanyi ya sari gwiwa. Sai na ƙetara Dahome, na sa tela ya ɗinka mini wandon kaki mai sauka ƙasan gwiwa kaɗan, na haɗa da doguwar safa. Na sakankance duk Bagudo babu mai basirata.

Da wannan shiga na nufi Kurgu gaida mahaifin yarinyar da nake nema. Ina kaɗa ƙararrawa, wata mata ta kwarma ihu: "Ga duba-gari!" Gari ya ruɗe, don shigata irin ta jami'in tsafta mai cin tara ce. Mata suka shiga tuntsurar da randuna kada a iske tsutsa a ciki, har uwar yarinyar ta zubar da ruwan da ta sha wuyar ɗaukowa.

Mahaifin yarinyar ya fito, ya dube ni sama da ƙasa.

"Samari, yadin ne ya ƙare, ko telan ne ya rasu?"

"Baba, ɗinkin zamani ne."

"To, zamani ya ba ka mata."

Ƙarshe wani mai jaki yarinyar ta aura. Mai jaki! Har gobe jikokinsu Duba-gari suke kirana, babu ko kunya. Mai musu ya tambayi Buba Maƙeri da Inna Kulu, don a gabansu aka yi, kuma su suka fi kowa dariya.