Tabar da Ba a Kunnawa

Wani ne ya zo Greensboro ta Amurka daga Maraɗi, ɗan garinsu Zabeirou ya sama masa aikin ɗaukar kwalaye a wani sito. Mutumin yana da gyambon ciki, in azahar ta wuce bai sa wani abu a baki ba, sai ka ji tausayinsa.

Ranar farko da rana ta take tsaka ya kakkaɓe hannu ya nufi ƙofa. A ganinsa kamar gida ne: a je a ci, a ɗan miƙe, a dawo. Zabeirou ya riƙo rigarsa, ya ce a jihar nan babu dokar da ta tilasta wa mai kamfani ya ba baligi hutun cin abinci. Mutumin ya ce ai ƙaninsa na Faransa doka ce ta ba shi, har California ma ya ji ana bayarwa. Aka fassara wa manaja. Manaja ya nuna masa yamma da yatsa, ya ce California tana can.

Yana cikin murɗawar ciki sai ya lura da wani abu. Masu shan taba jifa-jifa suna fita bayan sito, babu mai ce musu uffan. Washegari ya samo kara guda ya maƙala a kunne, ya cusa ƙullin dambu a aljihu, ya bi sahunsu. Su suna busa hayaƙi, shi ya juya baya yana aika loma.

Matarsa Tchima ta tsinci tabar a wajen wanki, ta zauna daɓas tana salati.

"Malam, abin da ka zo koya Amurka ke nan? Me zan ce wa yara?"

"Ke, mayar mini da ita a hankali. Wannan ba taba ba ce, cokalina ne."

Haka aka yi ta tafiya, karan ya lanƙwashe, ya sha manja, har da ɗaurin zare.

Ashe manaja yana kallo ta taga. Mutum ya riƙe taba wata da watanni bai kunna ba, har ya juya wa hayaƙi baya. Abin ya taɓa masa zuciya. Rannan ya tara ma'aikata, aka yi ta tafi. Ya rungume mutumin, ya ce ga jarumin da ya yaƙi taba ya ci nasara. Ya zare karan daga kunnensa ya jefa a shara, ya ce daga yau ya huta da fita waje. Sannan ya roƙe shi ya ba sauran mashaya shawara, Zabeirou zai fassara.

Mutumin ya dubi kwandon shara, ya dafe ciki.

"Zabeirou, ka ce musu kowa ya riƙe tabarsa da kyau. A ƙasar nan wanda ya warke shi yunwa ke kashewa."