Rasuwar Ɗangoggo, Injin Buga Riga na Kubwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Rumasa'u Lawal, mai shafin sayar da riguna masu zane a intanet, tana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar injinta na buga riga, wanda aka fi sani da Ɗangoggo. Rai ya yi halinsa da safiyar Laraba a ɗakin baya na gidan yayarta Kubra da ke Kubwa, yana cikin ganiyarsa, ga aiki jibge a gabansa.

Ya samu wannan suna ne domin da 'yan kunnen zinaren da goggonta ta bar mata aka sayo shi, bayan ta gama hidimar ƙasa ta ƙi kujerar da mijin yayarta, Alhaji Abdulhakim, ya nemo mata a ma'aikatarsu. Ba kuma a makance ta zaɓe shi ba. Ta zagaya masu buga riga da raga da fenti, ta ga aikinsu na da ƙarko, sai dai ba sa ɗaga ido su dubi wanda ya zo da riga ɗaya. Ta ga firinta mai fesa tawada a jikin yadi, ta ji tsadarta, ta gaishe ta daga nesa. Sai ta tsaya a kan marigayi, mai danna takardar zane da zafi har ta kama riga.

Bai taɓa raina ƙaramin aiki ba. Uwa ta turo hoton ɗanta da ya cika shekara, ya buga. Direban Zuba ya ce a rubuta masa habaici ga mahassada a gadon baya, ya buga, bai tambayi su wane ne ba. Ya jure wutar da ake kawowa rabi-rabi, ya jure ta janareto. Ba mai yawan magana ba ne. Idan an rufe bakinsa a kan riga sai ya ce "tsss", idan zane ya kama ya ce "fii, fii, fii", shi ke nan.

Aibinsa ɗaya, yana da ci. Katin mita ba ya kwana a gabansa, shi ya sa Alhaji ya sa masa suna dutsen guga mai digiri. A kan haka aka yi sharaɗi a gaban Yaya Kubra: duk ranar da Rumasa'u ta saɓa alkawarin mai ciniki ko da guda, za ta rufe shafin ta bi shi ofis. Ta amsa tana kallon idonsa, kuma har yau ba ta saɓa ba.

Ciwon ajalinsa ya faro ne da warin sitaci, abin da ba ya cikin sana'arsa. Ashe mai wankin gidan ya tafi ganin gida, Alhaji kuwa ya gano babu mai kwantar da shadda kamar wanda yake yi wa ba'a. Da Rumasa'u ta fita saro riguna a kasuwa, sai ya lallaɓa ɗakin baya. Ran Laraba ya tsoma babbar riga a sitaci, ya shimfiɗa ta jagab, ruwa ya bi ta wayoyi. Marigayi ya ce "fii" sau ɗaya, hayaƙi ya biyo baya. Bernard mai gyara ya zo daga Karmo, ya buɗe cikinsa, ya cire hula. Iyalan ba su zargi kowa ba. Sun dai lura babbar rigar ta je ofis lafiya, kuma a ta'aziyyarsa Alhaji ya ce ai ƙarfe ne, sannan ya tuna wa mai makoki cewa Asabar, ranar cika alkawarin mai ciniki, ta matso.

Marigayi ya bar kwamfuta, almakashi, da takardun zane da aka riga aka fitar. Ya kuma bar marayu: rigunan ƙungiyar ma'aikatan jinya da Sista Lucia ta kawo don tattakinsu na safiyar Asabar, rabi da zane, rabi farare fat. Masu raga sun ce hoto mai launuka haka ba nasu ba ne. Masu irin injin kuwa 'yan siyasa sun kama su da rigunan kamfen, ko waya ba sa ɗauka. Rumasa'u ta gwada danna riga ɗaya da dutsen guga na gida, da dukan nauyin kafaɗarta. Zanen ya kama. Ko zai jure wankin farko, ba ta sani ba, kuma wannan ne ya hana ta cin abinci.

Za a kai gawar wurin 'yan gwangwan na Dei-Dei ranar Lahadi, ba kafin nan ba. Zaman makoki zai fara Alhamis bayan azahar, ya ci gaba har sai riga ta ƙarshe ta samu zanenta. Ana roƙon mai zuwa kada ya ɗauko abinci ko shawarar aikin gwamnati. Kowa ya zo da dutsen gugarsa da ƙarfin dantsensa. Mai kuka ya yi a tsakar gida, domin zane ba ya kama jiƙaƙƙiyar riga.