Wa Ya Ba Duna Guba?

"Lahiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba. Kai hwa? Mi ya samu wagga huska taka, ta yamutse kamar albasar bara?"

Kaka Gudiya ce ke amsa gaisuwar jikanta Mubashir. Tana zaune a bakin ɗakinta a gidansu na Aliero, faifai a cinya, tana tsince shinkafa. Kullum da tsiya suke buɗe safiya, ita ta kira shi ragon miji, shi ya kira ta amaryar da ba haƙori. Yau dai bakin Mubashir ya yi nauyi. Duna, baƙin karen da ke tsaron rumbunan albasarsa a bayan gida, ya kwana biyu duk abin da ya ci sai ya dawo da shi. Da safen nan ya tarar da shi yashe a gindin katanga, ko bindi bai iya kaɗawa.

"Tsohuwa, bar wasa. Duna na amai har yanzu."

"To ni ce uwatai? Kare ya yi amai, sai a zo a gaya wa matar aure?"

"Ke na zo tambaya, don ke ce mayyar gidan ga. Sakar mai kurwa."

"Tir! In maita nika yi, da kai zan fara, sai dai ba ka da nama. Wa zai ɓata miya da ƙashi?"

Mubashir ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Ya durƙusa kusa da ita, ya rage murya.

"Kin ji abin da anka yi wa Bala a Mungadi. Sai da ɓarayi sunka jefa wa karensa nama mai guba, ya yi ta amai har ya mutu, sannan sunka zo sunka kwashe rumbu tas. Noman rani guda, Kaka. Ni ma duk abin da na mallaka shina cikin rumbunan can."

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan faifai, amma bakinta bai tsaya ba.

"Wane ɓarawo zai wahal da kansa kan albasarka? 'Yan ƙanana kamar idon kaza."

"Da su nika ciyar da ke."

"Shi ya sa na rame."

Sai ga Duna ya taso daga bayan gida yana tangaɗi kamar wanda ya sha rana. Bai nufi maigidansa ba. Kai tsaye ya zo bakin ɗakin Kaka Gudiya, ya sunkuyar da kai, cikinsa ya yi ta bugawa, ya kelaya wani ruwa rawaya mai kumfa. Daga nan ya zube a wurin.

"Wuce! Wuce, ɗan banza, ka ɓata mini ƙofa!" in ji ta, amma takalmin da ta ɗaga ba ta jefa ba. "Mubashir, kumfa ce hwa. Ba hauka ba ce? Kore yaran can kada su matso."

Mubashir ya miƙe zumbur. Wannan bai zo masa a rai ba sam. Ya daka wa ƙannensa tsawa suka koma zaure.

"Jiƙa mai kanwa," in ji Kaka Gudiya. "Ko sabara. Da ita na yi wa ubanka magani sa'ad da ya sha ruwan kududdufi."

"Shi ya sa har yau bai jin magana."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro."

"Wagga zumar ta yi tsami. Likita zan kira."

Ya ciro waya ya kira Likita Hafsa, likitar dabbobi a Jega, wadda ta taɓa yi wa Duna allura. Ya buɗe muryar wayar don kakar ta ji. Bayan gaisuwa ya zayyana mata komai, har da labarin Mungadi.

"Kwantar da hankalinka," in ji likitar. "Abin da ke sa kare amai da yawa yake. Tsutsar ciki na sawa, ruɓaɓɓen abinci na sawa, ko ƙashi ya maƙale, ko ya haɗiye leda. Guba ma na sawa. Bari in tambaye ka. Ya ciji wani? Yana kai wa mutane hari, ko yana gudun ruwa?"

"A'a. Ruwa kam sha yake, sai dai ya dawo da shi."

"Allurar hauka kuma ni na yi masa da hannuna. Wannan bai yi kama da ita ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Kaka Gudiya da ƙarfi. "Saura maigidan, shi ba a yi mai ba."

"Wa ke magana?"

"Wata tsohuwa ce da munka gada tare da gidan," in ji Mubashir. "Ci gaba, Likita."

"Kun sa maganin ɓera a rumbu?"

"Ban sa ba."

"Ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Wane launi?"

Mubashir ya naɗe hannu da tsumma ya ɗaga leɓen karen. Dasashin da ya sani ja, ya koma fari fat kamar an wanke.

"Fari ne, Likita."

"Fitsarinsa fa?"

"Jiya na gani ja-ja, kamar ruwan zoɓo."



"Jininsa ne ke lalacewa. Ciwon kaska na yin haka, sai na duba. Amma ku mutanen Aliero, dole in tambaya. Yana cin albasa?"

"Kare da albasa? Ko shinshina ta bai yi. Tuwo nika ba shi da ɗan romo."

"Ba ɗanya kaɗai ba. Soyayya, dafaffa, ta cikin miya, har lawashi. Albasa guba ce ga kare. Ba ta kayar da shi rana ɗaya, a hankali take cin jininsa in ana ba shi kullum."

"Wallahi ba mai ba shi."

Ya juya don kakar ta tabbatar, sai ya ga ta duƙufa a kan faifai tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Tsakuwa take mayarwa ciki, tana zubar da ƙwaya.

"Kaka."

"Mi?"

"Kaka, dube ni."

"Na gaji da ganin muni."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mi ya sa Duna ya baro ni ya zo ƙofarki?"

"Ya san inda mutunci yake."

"Likita na jira. Rai ne hwa."

Tsohuwar ta ajiye faifan. Ta dubi karen da ke numfashi sama-sama, ta ja gefen zane ta share hanci.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da anka fara cirar albasa, waɗanda sunka fashe nika soyawa da man gyaɗa, in zuba kan dambu. In ka tahi gona sai ya zo ya zauna nan ya zuba mini ido. Ni kuwa ban iya cin abinci ana kallona."

"Kullum?"

"Har da ƙari. Shina son ƙanzon albasar."

"Ke da kike cewa ko inuwarsa ba ki so?"

"Ai ba inuwar nika ba abinci ba." Ta share ido. "Duk gidan ga kowa ya watse da hantsi, shi kaɗai ke zama ya ji labarina, bai taɓa ce mini na faɗa jiya ba. Likita, ɗiyata, ni na kashe shi?"

"Bai mutu ba, Inna. Amma ku kawo shi yanzu. Kada ku ɗura masa kanwa ko wani jiƙo, kada ku ba shi abinci. Ruwa kawai, kaɗan-kaɗan, in ya nema."

Mubashir ya rasa abin da zai ji. Ba ɓarawo, rumbunansa lafiya, amma ga Duna kwance, ga tsohuwa tana hawaye, abin da bai taɓa gani ba tun rasuwar kakansa. Ya ruga ya roƙi maƙwabcinsu Waliyyu, mai motar ɗaukar albasa. Kafin ya dawo, Kaka Gudiya ta yafa mayafi, ta shimfiɗa buhu biyu a ƙasa.

"Ina za ki?"

"Jega."

"Wa ya gayyace ki?"

"In bar mara lahiya a hannunka? Kai da ka bar akuya ta haihu a kan babur?"

"Ni dai ban taɓa soya wa kowa guba da man gyaɗa ba."

"Ɗauke shi a hankali, ɗan nema, ba buhun albasa ba ne!"

Hanyar Jega ba ta taɓa yi wa Mubashir tsawo irin na ranar ba. Yana bayan mota da karen, yana ɗora hannu a haƙarƙarinsa don ya ji ko yana motsi. Kakar na gaba, carbi a hannu, duk ramin da suka faɗa sai ta leƙo ta taga.

"Shina numfashi?"

"Shina yi."

"Kai hwa?"

"Ina ruwanki?"

"Ba ruwana. Tambaya ce, don in san yawan tuwon dare."

A asibitin dabbobi Likita Hafsa ta ɗebi jinin karen, ta aske masa ƙafa ta sa ƙarin ruwa, ta yi masa allurar tsayar da amai. Suka zauna a benci suna jira. Rana ta take, aka kira azahar, suka yi salla suka dawo. Kaka Gudiya ko ruwa ta ƙi sha. Mubashir ya tsokane ta sau biyu ba ta tanka ba, wannan kuwa ya fi farin dasashin ba shi tsoro.

Wajen la'asar likitar ta kira su ciki. Duna na kwance, amma idonsa a buɗe. Da ya ga tsohuwar sai ya buga bindi a ƙasa, a hankali.

"Albasar ce," in ji likitar. "Kun zo da wuri, jinin bai yi ƙasa har ya fi ƙarfinmu ba. Ina sa ran zai tashi, in Allah ya so. Zai kwana nan. In ya koma gida, farar shinkafa da naman kaza dafaffe, ba gishiri, ba mai, ba yaji, kaɗan-kaɗan. Idan ya warware ku dawo a ba shi maganin tsutsa. In aman ya dawo, ko kun ga jini, kada ku jira."

Kaka Gudiya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Mubashir ya ga launi na dawo mata fuska, ya san lokaci ya yi.

"Likita, ba ku da ɗaki a nan na tsofaffi masu ba kare guba? A ɗaure ta mako guda."

"Ɗiyata, rabu da shi. Kishi yake, don shi ko ƙanzo ban taɓa ba shi ba."

"Allah ya tsare ni! Yanzu na gane abin da ya sa Kaka Sulaimanu ya riga ki tahiya."

"Ja'iri! Shi da ya shekara hamsin yana siɗe hannu?"

"Ya yi haƙuri, Allah ya jiƙan jarumi."

Likitar ta juya baya tana ƙunshe dariya. Tsohuwar ta ɗaga carbi kamar za ta tsula masa, sai ita ma dariyar ta ƙwace mata, har tana dafa bango.

"To na ji, ka ci. Yau kam ka kayar da ni. In mun koma ka kama jar kazata, wadda ta daina ƙwai, ka yanka wa Duna."

"Kaza guda ta yi wa mara lahiya yawa. Cinya ɗaya ta mai jinya ce."

"Ka ɗauki ƙafafu da kai. Su ma don likita na nan ne, kada ta ce ban kula da miji."