Nomau da Akwatin Waifai

A Kwanar Ɗorawa akwai wani mutum wai shi Nomau. In ka kira shi wawa ka zalunce shi, in ka kira shi mai wayo ka zalunci masu wayo. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan, shi da matarsa Tasalla da tsohuwarsa Iya Tabawa, wadda ciwon gwiwa ya zaunar a ɗaki. Autar Iya, Ladingo, tana aure can Fatakwal, ga ciki ya tsufa, Iya kuma ba ta iya doguwar mota. Sai Ladingo ta aiko da akwatin waifai mai ba wayoyi intanet, irin mai layi da batir a ciki, ta ce ko ba komai ranar suna Iya ta ga jaririn a waya. Ni Sallau mai gyaran waya aka kira in haɗa. Ba wanda ya koya mini aikin nan, wayoyin mutane na yi ta kwancewa har hannuna ya faɗa. Haƙuri ne dai ban taɓa zama na koya ba, a gidan Nomau kuwa na ji a jikina.

Wata rana na je na sa wa akwatin layi, na sa lambar sirri, fitilunta suka yi kore. Ina sauri na ce, "Nomau, ka samo mata tsakiyar gida, wuri mai tsayi, ka rataye." Ina fita ya kwance igiyar guga. Ya auna daga zaure zuwa katangar baya ya ninka, ya auna gabas da yamma ya ninka. Tsakiya ta faɗa daidai kan murhun Tasalla. Ya kwashe duwatsun murhu ya kafa dirka.

"Malam, a ina zan ɗora tukunya?" in ji Tasalla.

"Ki tambayi Sallau."

Ranar nan gari suka sha. Da na dawo na hau shi da faɗa, ya tsaya har na gama, sannan ya miƙo mini igiyar. "Auna da kanka, Malam Sallau. Igiya ba ta ƙarya."

Wata rana Iya ta aiko wai fuskar Ladingo tana daskarewa a waya, baki a buɗe kamar mai hamma. Na duba na ce, "Bangon ɗakin nan ne, ƙasa ce mai kauri, shi ke tare sabis. Akwatin nan ba ta son abu ya shiga tsakaninta da wayar Iya, ba ta kuma son nisa." Washegari na tarar da ƙaton rami a bangon, wanda ɗan akuya zai wuce bai sunkuya ba. Iya tana zaune a kan gado, ƙasa har cikin ɗankwali.

"Iya, kina kallo ya fasa miki ɗaki?"

"Ni na isa? Cewa ya yi likitan waya ne ya ba da umarni."

Na juya zan ci mutuncinsa, Iya ta ce, "Bar shi, ɗan nan. Rabon da in sha iska irin wannan tun ubansu yana da rai."

Wata rana na ga samarin unguwa sun fara jingina da katangar gidan, kowa kai a sunkuye. Na sake lambar sirri, na sa Nomau ya haddace, na ce, "Kada ka faɗa wa kowa." Kwana biyu wayar Tasalla ta ƙi hawa. Ta tambaye shi ya ƙi. Iya ta tambaye shi, ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya ƙi. Aka kira ni, ni kuma lambobin gidajen mutane sun cakuɗe mini a ka. Na ce, "Faɗa mini."

"Ka ce kowa."

"Ni na ba ka ita, kai."

"To ai ka san ta ke nan."

Na ji kamar in shaƙe shi. Sai da na ari allurar Tasalla na tsikari ɗan ramin da ke bayan akwatin, komai ya goge, na sake haɗawa tun daga farko. Wannan karon na auna maganata kamar mai sayar da zinariya: "Masu kwana a gidan nan kaɗai za ka faɗa wa." Ya ce ya ji. Da yamma Tasalla ta same shi yana raɗa wa tunkiya a kunne.

Wata rana labari ya zo Ladingo ta sauka, an samu namiji. Ana gobe suna aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Da gari ya waye fitilun akwatin duk sun koma ja. Mata sun cika gida, Iya ta ci ado tun asuba, ta riƙe waya da hannu biyu. Na kashe na kunna, na cire layi na goge da bakin riga, na hau kan kwano na sauko. Ja dai. Nomau yana bina a baya yana tambaya, "Yanzu me zan yi?" Na uku ne ya ƙure ni.

"Ɗauke ta ka yi ta yawo da ita a gari har ta yi kore, ka ƙyale ni in yi tunani."

Na shiga zaure ina neman doguwar gora da zan ɗaura. Ina fitowa na tarar babu akwati, babu Iya, babu mata. Ashe ya tuna na ce akwatin ba ta son nisa da wayar Iya, wayar kuma Iya ta ƙi saki. Sai ya shimfiɗa katifa a amalanke, ya ɗora tsohuwa, ya kama hanya, 'yan suna suna biye da shi da kwanukan waina. Na bi sawu ina zage-zage. Sun bi ta kasuwa, ja. Sun bi ta bakin masallaci, ja. Wani ya ce masa gari ya ƙare, ya ce ai ba ta yi kore ba. Ya tura amalanken nan har kan tudun da ke bayan gonaki, gindin wata tsamiya.

A nan na cim musu, ina haki. Ya ɗaga akwatin bisa kai, fitilu kore shar. Ashe ƙarfen sabis na wajenmu ne iska ta taɓa, daga kan tudu kuwa akwatin ta jawo na garin gaba.

"Riƙe ta haka," na ce. "Kada ka motsa."

Samari suka yi masa caa, kowa na roƙon lamba. Da ya ba su, da sun shaƙe sabis ɗin kafin Iya ta ga ko ƙafa. Shi kuwa tambaya ɗaya yake yi musu: "A gidanmu kake kwana?"

Wayar ta yi ƙara. Ga Ladingo da lalle, ga jariri a zane. Aka ce an mayar da sunan marigayi mijin Iya. Iya ta kai bakin mayafi ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Matso mini da shi. To, maigida, ka dawo ke nan? Da wannan kan naka kamar tulu? Ni dai na fasa auren, a kai kasuwa." Mata suka ɗauki guɗa, aka buɗe waina a gindin tsamiya.

Aka gama, aka mayar da Iya gida, ni ma na koma shago. Bayan la'asar sai ga Tasalla a bakin shagona.

"Malam Sallau, don Allah ka je ka ce masa ya motsa. Ni na faɗa, ya ce ba ni na tsayar da shi ba."